Baƙuwa a Jikin Jikata

Yanzu ai ba a hawa jirgi. Da jikata Nusaiba za ta gasar ƙere-ƙeren matasa a Koriya, kwanciya ta yi, aka ɗaura mata wani abu a goshi. Ta farka a jikin 'yar mutanen can, tasu kuma ta farka a jikin tawa, a kan tabarmata.

Ni da baƙuwar ba ma jin yaren juna. Na dama mata fura, na yi mata kitso, don su ma su kula min da tawa. Ta wuni tana kallon gajimare.

Da la'asar aka mayar da kowa jikinsa.

"Kaka, mun zo na biyu!"

"Ja'ira, faɗi sunan akuyata in ji."

Ta faɗa daidai. Amma yarinyar da ko goyo ba ta so tana jaririya, yanzu kullum kanta yana cinyata, tana wata waƙa da ba tamu ba.

Ban gaya wa kowa ba. In wani abu na tasu ya maƙale a nan, na tawa yana can. Ba zan mayar ba sai sun kawo nawa.