Ta Yaya Za Ka Gane Ni a Aljanna?

"Malam ya ce 'yan Aljanna duk 'yan shekara talatin da uku ne," in ji Hajiya, tana miƙa wa mijinta shayi. "To kai da ka aure ni bara, da furfurata da ciwon gwiwata, ta yaya za ka gane ni a can?"

"Bari dai mu samu shiga tukuna."

"Ba wasa nake ba. Ni kaina na kusa manta waccan fuskar."

Ta buɗe akwati, ta zaro wani tsohon hoto. Malaman makaranta ne mata, su tara a jere.

"Nuna ni. In ka kuskure, babu abincin rana."

Ko tabarau bai saka ba, ya ɗora yatsa kan wata mai rufe baki tana dariya.

Hajiya ta yi sororo. "Wa ya gaya maka?"

"Juya bayansa."

Ta juya. Hatimin shagon mai hoto ne, ga sunan mijinta a jiki.

"Sau huɗu na ce ki daina dariya, kika ƙi," ya ce, yana kurɓar shayi. "Bayan shekara talatin na gane ki da furfura. A Aljanna ne zan kasa?"