Gem Ɗin Marigayiya

Ranar kasuwar Kura wani tsohon malamin makaranta ya kai gyaran gem, 'yar na'urar wasan da marigayiya matarsa ke dannawa bayan tsinkar tumatir. Sayarwa zai yi, don a ganinsa wasan jahilai ne.

"Baba, ƙwaƙwalwarsa ce ta rikice," in ji mai gyara. "Sai an yi mata sabon zubi."

"Zuba. Ni shekara talatin ina zuba wa mutane, bai zauna ba."

Allon ya haska, jerin sunayen gwanayen wasan ya fito. Sunan malamin ne har sau goma, na ƙasa duk kuskure, na sama daidai. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba ce ta koya wa kanta rubuta shi.

Ya dubi allon, ya furta maganar da bai samu ya faɗa mata ba: "Kin ci."