Sai Hafiza Ta Ce Ya Yi

Hafiza ta zare wayar daga kunnenta tun sarewar ba ta kai ƙarshe ba.

"Bai yi ba, Yaya. Ya cika kuka."

Mu'az ya dubi ƙanwar tasa. Wancan makon cewa ta yi kiɗan ya cika murna. Kafin nan kuwa, wai gurmi ya danne maganar 'yan wasa. Kiɗan fim ne da aka sa ta haɗa a makarantarsu ta Kalgo, labarin wata mai tallar fura, duk tsawonsa bai kai dahuwar shinkafa ba. Amma ga shi ya cinye masa damina.

Bakinsa ne ya ja masa. Ranar da ta roƙe shi ya haɗa mata kiɗan, a gaban Inna mahaifiyarsu ya rantse da Allah ba zai yi tafiyarsa ba sai Hafiza ta ce ya yi. A zatonsa aikin zama ɗaya ne. Abokinsa Lukuman da wasu samarin Gwandu na shirin zuwa haƙar zinari can gaba da Agadas, sun kama masa wuri a mota. Hanyar da babban wansu Salihu ya bi ke nan, har yau ko gaisuwarsa ba a samu ba. A gidan ba a tayar da zancen.

Ba irin wahalar da bai sha ba. Ya je har Dodoru ya ɗauko muryar sarewar wani makiyayi. Ya naɗi amon taɓarya da na ludayi a bakin ƙwarya, ya jera su a kwamfuta, wuta ta ɗauke, ya sake daga farko. In ya gama ya hau kabu-kabu zuwa Kalgo, Hafiza ta saurara tana gyaran ɗankwali, ta girgiza kai, sannan ta tambaye shi ko su Lukuman na nan.

Ran nan Lukuman ya tare shi bakin kasuwa. "Talata za mu tashi, da kai ko ba kai. Mun gaji da jiran makaɗi."

Mu'az ya kawo wa Inna zancen yin kaffara. Ko ɗagowa ba ta yi daga tankaɗen da take ba.

"Ban haifi mai cin rantsuwa ba."

Litinin ya kai wa Hafiza sabon kiɗa, wanda shi kansa tsikar jikinsa ke tashi in ya ji. Ta saurara har ƙarshe, idonta ya cicciko.

"A ɗan ƙara gyarawa, Yaya."

Talata mota ta tashi ba shi.

Washegari ya nufi Kalgo rai a ɓace. Bai nemi Hafiza ba, malaminsu ya nema, ya dire masa kwamfutar a gaba. Ya ce a saurara tsakani da Allah, a faɗa masa inda ya gaza, tunda yarinyar nan ta sa ya yi asarar tafiyarsa a kan kiɗan da ba ta san me take so a ciki ba.

Malamin ya dube shi da mamaki.

"Kai ne Mu'az? Ai tun farkon damina Hafiza ta miƙa fim ɗinta, da kiɗanka na farko a ciki, kuma cewa ta yi ko kaɗan kada a taɓa shi."