Hannun Hagun Badr

Dela, sabuwar maƙwabciyata, ita ta fara kawo mini labarin Badr, ina tsaka da suyar masa a bakin layinmu na unguwar Sa'alaba, nan Jidda. Ta ce ɗan Jidda ne, ya yi suna a besbol, wasan Amurkawan nan da ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya ya maka mata gora. Shi ne mai jifan. Wata ƙungiya a Dubai ta ɗauke shi, jifan nan ne cinsa da shansa.

Bahago ne. Wai a wasan, bahagon mai jifa tsada gare shi. 'Yan jarida sun ce yana ƙarami ya ƙone a tafin dama, a gidan ubansa Abdulgaffar, attajirin unguwar Aziziyya, shi ya sa ya koma hagu. Na ce Allah ya kyauta, na juya masata.

Tauraronsa na haskawa, sai aka kira shi ya yi wa ƙasa wasa. Nan hassada ta tashi. Masu son gurbinsa suka ce ba ɗan Abdulgaffar ba ne, ɗan takari ne aka cusa a takardun gidan, a Mina ya koyi jifa yana jefar wa tsofaffin alhazai Shaiɗan. In ta tabbata, shi ke nan: ba wasa, ba fasfo, sai jirgi ya sauke shi a ƙasar da bai taɓa gani ba.

Masu bincike biyu suka shigo unguwa da shi a mota, gida-gida, kowa ya ce bai san shi ba. Suka iso kaina. Badr ya sauko, ya yi tsayi, hannun dama a aljihu, idonsa a ƙasa.

Ɗayansu ya ce, "Ya hajja, kin san wannan?"

Na dube shi da kyau. 

Na ce, "Ni ina na san 'ya'yan masu kuɗi? In masa za ku saya, yalla. In ba haka ba ku matsa, kun tare mini ciniki."

Suka yi dariya suka ja shi. Bai waiwayo ba, kuma gara da bai yi ba.

Da magariba Dela ta shigo da guɗa, wai an wanke shi, zai buga wa ƙasa. Na ce mata madalla, na shige ɗaki.

Washegari da safe ban fita suya ba. Na ɗauki tandar nan da ta ƙone tafin daman jikana Ubale yana rarrafe, tun bai zama Badr ba, na kai ta bola.