Tabarau Mai Magana

Ya zare cajar tabarau ɗin, ya cusa ta ƙarƙashin katifa. Shekara da shekaru yana yi wa makahon abokin ɗakinsa jagora a titunan unguwar Abbasiya, yana karanta masa darasi, sai ga wani tabarau mai magana ya ƙwace masa aiki. Har godiya ake yi wa gilashi!

Da safe makahon ya laluba bai samu caja ba. Ya saka tabarau, ya miƙo hannu. “Yalla, mu tafi.”

Jagoran ya damƙe hannun, ransa fari tas. Sai da suka tsallake titi makahon ya ce, “Ai da sauran caji, ɗan'uwa. Yanzu ma ya ce min murmushi kake yi.”