Tseren Abdulghani da Makaɗa Tamanin

Abdulghani ya ɗora allurar garmaho a kan faifan, ya ruga ya zauna gaban fiyano, makaɗan suka taso. Kafin ya kai ƙarshen shafi na biyu sun bar shi a baya, kamar yadda suka bar shi jiya da shekaranjiya.

Direba ne a gidan wani tsohon likita Bature da ke bakin teku a Jidda, a shekarar 1966. Likitan ya taɓa kama shi yana lallatsa fiyanon falo da yatsa ɗaya, maimakon faɗa sai ya jawo masa kujera. Shekara shida yana koya masa karanta takardun kiɗa, har hannun ɗalibi ya wuce na malami nesa ba kusa ba.

Da zafi ya shigo, Likita zai tafi hutu ƙasarsu, ya bar masa makullin gida da labari mai daɗi. Wani abokinsa, Ustaz Abdulghaffar, malami a wata makarantar kiɗa a Alƙahira, zai tsaya kwana ɗaya a Jidda bayan wata huɗu, kuma gurbin ɗalibi ɗaya ya rage masa. Likita ya ba Abdulghani takardun wani kiɗa mai wuyar tsiya, wanda asali makaɗa tamanin aka tsara wa, daga baya aka matse shi ya dawo na yatsu goma. Ya haɗa masa da faifan makaɗan da sabon garmaho da aka aiko masa daga gida, ko kwalinsa ba a buɗe ba.

"Fiyano ba ya numfashi," in ji Likita. "Saurari masu busa ka ji inda suke shaƙar iska, nan za ka ɗaga hannu."

A unguwarsu Hindawiyya kuwa mahaifin Abdulghani ya yanke magana. Idan malamin ya ɗauke shi, Allah ya sa albarka. Idan bai ɗauke shi ba, halas, magana ta ƙare, ya zo rumfarsa ta yadi a kasuwar Bab Makka ya kama almakashi, kada a sake jin zancen fiyano. Abdulghani ya ce ya yarda.

Faifan ya koya masa abin da takarda ba ta faɗa ba. Inda masu goge suka yi ƙasa da murya, ya sa alama da fensir ya sassauta hannun dama. Inda manyan ƙahonin suka shigo, ya sakar wa hannun hagu nauyi. Sai dai masu busan nan, wallahi, ba su da niyyar numfashi! Ɗan tsinken lokaci suke ɗauka su sake afkawa. Sautinsu ma ya fi na fiyanon tsini, amma wannan bai dame shi ba, ya san damshin teku yana saki wayoyin fiyano.

Kullum da hantsi yake zuwa ya zauna har ladan ya kira azahar. Da kiran salla yake auna lokaci, domin agogon lantarkin da Likita ya rataye a bango tun zuwansa gaba yake da kowa, har an daina kallonsa.

A gida yatsunsa ba su hutawa. Yana kaɗa faranti, yana kaɗa gwiwa, ranar nan har ya kaɗa kan 'yarsu Madina tana barci a cinyarsa.

"Kai, Abu Madina!" in ji matarsa Zaituna. "Wa ya biyo ka ne? Ko shayi sai ka sha shi da gudu?"

Ya yi dariya. Wata uku sun wuce, akwai wani gangare a shafi na tara inda makaɗan ke zubowa kamar an ɓalle famfo, bai taɓa isa ƙasansa tare da su ba. Ya rarraba wurin kashi-kashi, ya maimaita har farcensa ya tsage. Ana saura mako guda ya fara jin ƙurarsu kusa. Ana saura kwana biyu, taku ɗaya tak ya rage tsakaninsu, kuma takun nan ya ƙi cikuwa.

Ustaz Abdulghaffar ya iso da la'asar, gajere mai sanƙo, yana fifita da hularsa. Ya zauna ya ce, "Yalla, ya ibni," wato "Fara, ɗana."

Abdulghani ya yi bisimilla ya fara. Bai ga falon ba, bai ga baƙon ba, makaɗan nan kawai yake ji a kansa suna gudu yana bin su. Da ya sauke hannu rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ustaz bai tafa ba. Fifitar ma ya daina, ya saki baki yana kallonsa.

Shi ke nan, almakashi, in ji Abdulghani a ransa.

"A yi mini afuwa, Ustaz," ya ce. "Na san a shafi na tara ban kai saurinsu ba."

"Saurin su wa?"

Abdulghani ya tashi ya sa faifan. Tsohon ya saurara kaɗan, ya dubi agogon hannunsa, ya ɗaga kai ya dubi na bango. Ya miƙe ya juya garmahon, ya sa tabarau ya karanta ɗan rubutun da ke bayansa. Sai dariya ta ƙwace masa, ya dafa fiyano yana share hawaye. Da ya samu numfashi ya zaro takardar makaranta daga jaka, ya tambayi cikakken sunan Abdulghani, ya rubuta ya sa hannu.

"Haɗa kayanka, ya ibni, aikina na farko shi ne in koya maka tafiya a hankali," ya ce. "Garmahon nan don wutar Turai aka ƙera shi, wutarku ta Jidda gudu take sa shi, kamar yadda take sa agogon can. Mutanen da ka yi wata huɗu kana bi, ko a mafarki ba su taɓa kaɗa shi da wannan saurin ba."