Tikitin da Ba a Huda Ba

"Tikiti," in ji tsohon, yana kaɗa abin huda tikitin da ya yi ritaya da shi.

Kujerun falo shida ne suka zama jirgin ƙasa. Babbar jikarsa ce direba, ƙaninta na busa usur, autan kuma ya damƙe tikitin kwali har ya jiƙe da gumi. Kowa ya cika ƙa'ida, ban da matarsa, wadda ta gaji da shara ta zauna a taragon ƙarshe.

"Kaka ba ta da tikiti," in ji direba. "A sauke ta."

Tsohon ya gyara hula. "Shekara talatin na yi ina wannan aiki, ko ƙuda bai taɓa wuce ni ban huda masa ba. Baiwar Allah, tikiti ko sauka."

"Ko ƙuda?" in ji matar.

"Ko ƙuda."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Suka ji ƙarar buɗe akwati. Ta dawo da wani ɗan tikiti da ya yi ja don tsufa, ta miƙa wa direba.

"Duba min, an huda?"

"A'a."

"Wani saurayi mai duba tikiti ne ya karɓa. Ya tsaya kallona har muka wuce tasha uku, ya mayar min da shi haka."

Idanu shida suka dawo kan tsohon. Ya karɓi tikitin, ya sa shi a bakin abin hudawa. Sai ya zare, ya mayar mata.

"Riƙe abinki," ya ce. "Ai ba mu iso ba tukuna."